Kar ki yarda da "sai kin je ki biya", ni ganau ce

Wayyo Hajiya, ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, wallahi kamar ni na rubuta ta. Kin ce kin samu otal mai sauƙin kuɗi a Paris wanda sai kin isa za ki biya, ko ki yarda da shi, sannan ina za ki kai yara banda hasumiyar Eiffel ɗin nan da kowa ke hoto a gindinta. To 'yar uwa gyara zama, don irin wannan otal ɗin ne ya sa na yi kuka da hawaye a bakin titi a garin da ban san kowa ba.

Ni da ƙanwata ne da ɗana, lokacin shekararsa 4, cikin watan Nuwamba. Takardar otal ɗin da na sa a neman biza ita na riƙe, na buga ta har kwafi biyu na sa cikin fasfo ina ta jin kaina. Muka sauka filin jirgin sama na Charles de Gaulle da daddare, muka hau jirgin ƙasan nan RER B zuwa tashar Gare du Nord, akwati uku, yaro ya yi barci a kafaɗa, ga wani yayyafi mai shiga ƙashi. Sai wajen sha ɗaya muka gano ƙofar otal ɗin. Na miƙa wa mutumin da ke kan kanta takarda, ya danna kwamfuta, ya turo min abata da ɗan yatsa ɗaya, ɗan yatsa fa Hajiya, ya ce babu sunana. Wai sun gwada katina na banki bai wuce ba, sun tura min saƙo na canza kati ban amsa ba, sun ba wani ɗakin. Ni kuwa tunda na buga takarda ban sake leƙa imel ba, ina can ina fama da ɗinki da sallamar dangi. Ashe ko sun ce sai ka zo, suna taɓa katin tun kafin ranar su ga ko da rai, kuma ke ma kin san halin katinmu na naira in ya tsallaka waje.

Na fito da Yuro a hannu na ce ga kuɗi. Ya ce "complet", wai sun cika. Na ce to mu zauna a kujerun nan yaro ya ɗan ji ɗumi na nemi wani wurin, ya ce kujerun na baƙinsu ne. Na roƙe shi lambar wayfai kawai, ya nuna min wata takarda a bango ya koma kan wayarsa yana kallon ƙwallo. Har yau in na rufe ido ina ganin rigarsa ruwan toka da kofin kofi a gefensa, ko ɗago kai bai yi ya dubi yaron ba. Ban ce dole ya ƙirƙiro ɗaki ba, amma ai ko ba a ba ka ba a yi maka magana mai daɗi. Ƙanwata da ba ta da haƙuri ta fara zazzaga masa da Hausa, ni ina jan mayafinta kar a kira mana 'yan sanda a daren farko. Na bar shi da Allah, ban yafe wannan ɗan yatsan ba gaskiya.

Wani direban tasi ɗan Mali ne Allah ya jefo mana, ya ji muna salati ya tsaya. Otal huɗu ya zaga da mu kafin aka samu ɗaki, kuɗin kwana ɗaya ya kusa cinye na kwana uku da na tanada. Kuɗin tsarabar mutane kenan ya tafi.

Saboda haka don Allah ki biya kuɗin ɗakin nan duka tun kina gida, in katinki ya ƙi ki nemi mai katin dala ya biya miki, sannan ki rubuta wa otal ɗin da kansu su amsa miki a rubuce, ki gaya musu ƙarfe nawa za ki iso. Ki faɗi adadin yaran ma, can ba a cusa mutum biyar a ɗakin mutum biyu kamar yadda muke yi in an je biki, ƙirga kai suke. Akwai kuma harajin kwana da ake karɓa kan kowane babba, kar ki zaci cuta ce. Au, buta! Ki sa buta a akwati, banɗakinsu takarda ce kawai, mu gorar ruwa muka yanke. Ki tambaya ko akwai lifta, wasu tsofaffin gidajen babu, wanda muka samu kuwa mutum ɗaya da akwati ɗaya ya cika shi, sai da muka yi sawu uku.

Maganar wurin zuwa, ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ramin ƙasusuwan nan, Catacombes, ƙofarsa na dandalin Denfert-Rochereau. Matakala 131 za ki sauka ƙarƙashin ƙasa, wajen mita 20, ki yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi tsakanin ƙasusuwan mutane kusan miliyan 6. Tsofaffin ramukan haƙar dutse ne, da maƙabartun cikin gari suka cika har suna damun mutane sai aka fara kwaso ƙasusuwan ana zubawa a ciki tun 1786. An jera ƙashin cinya kamar itacen girki, an yi layin ƙoƙon kai a tsakani, a saman ƙofa an rubuta wai ka tsaya, nan daular mutuwa ce. Turawa na ta hoto suna murmushi, ni kuwa bakina bai daina Innalillahi ba, na tuna Baba Allah ya jiƙansa na rasa inda zan sa kaina. Ƙanwata ce ta tsaya da yaron a waje kuma gara da aka yi haka, in naki ƙanana ne kar ki shiga da su. Ba sa buɗewa ran Litinin, ki sayi tikiti ta intanet tun da wuri, in kina da ciwon gwiwa ki haƙura don matakala 112 ke jiranki wajen fita.

Yara kam ki kai su lambun Jardin des Plantes, akwai gidan dabbobi a ciki, kuma babban masallacin Paris na nan gefensa, wanda aka buɗe a 1926. Ki yi sallarki a natse ki sha shayin na'ana'a a farfajiyarsu, a nan ne na fara jin hankalina ya dawo jikina bayan abin da wancan mutumin ya mana. In cimar gida ta dame ki, hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 ki sauka unguwar Château Rouge, kuɓewa, manja, busasshen kifi, attaruhu, naman halal, har sai kin manta a Turai kike. Amma jakarki a gaba, waya a cikin jaka, masu yankan aljihun jirgin ƙasan nan ba sa wasa, musamman in suka ga yara sun ɗauke miki hankali.

Wane wata ma za ku tafi? In Yuni ne ki shirya, magariba sai wajen goma na dare, yara za su ƙi barci su ce ai da rana. Ki turo min sunan unguwar da otal ɗin yake ta akwatin saƙo na duba miki, in layin nan na bayan tasha ne inda otal ɗin da ya kore mu yake, wallahi ba zan bar ki ba.