Ƙanƙara Za Ta Iya Tsaya Mini a Madadin Batir?

TAMBAYA: Malam, kunun aya da zoɓo nake sayarwa a Daura. Batiran sola sun mutu mini sau biyu, ga tsada. Ɗana ya ce a ƙasashen waje ana ajiye sanyi cikin ƙanƙara a sha daga baya. Da gaske ne?
Wata uwa daga Daura

AMSA: Hajiya, yaron nan bai yi miki ƙarya ba. Kafin kilo 1 na ƙanƙara ya narke, sai ya shanye zafin da zai iya ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80. Kin ga ashe rumbu ce. Wasu manyan benaye a Amurka, kamar na Bank of America a birnin Niyok, suna daskarar da ruwa a tankuna da dare lokacin da wuta take araha, da rana su narkar da shi su sanyaya ofisoshi. Mu nan juya abin za mu yi, tunda rana ce arzikinmu. Irin firjin ajiye allurar rigakafi mai sola da ba ya amfani da batir haka yake aiki: ya daskare da rana, ya kwana da sanyinsa.

Na gwada a shagona a Ƙofar Ƙaura, a tsakiyar bazara. Na jera gorunan ruwa a gindin firiza da gefe-gefenta, na bar sola ta ja ta daga hantsi zuwa la'asar. Da asuba na ɗaga murfi, gorunan suna nan ƙiƙam, sai ɗan ruwa na motsi a wuyansu. Amma kwana biyun farko kwamfiresa, wato injin firizar, bai huta ba, don daskarar da ruwa ya fi sanyaya shi cin wuta. Ki yi haƙuri da wannan.

Kada ki cika gora fal. Ruwa yana kumbura kusan kashi 1 cikin 10 idan ya daskare, ni kaina biyu sun fashe mini. Ki duba robar murfin firizar: ki maƙala takarda ki rufe, in ta zaro salin-alin, ta nan sanyinki yake zurarewa. A hana yara buɗe-buɗe kuma.

Abu ɗaya dai, Hajiya: sanyi kawai ƙanƙara ke riƙewa. Ba za ta kunna miki ƙwan lantarki ko fanka ba, kuma gorunan za su cinye miki wajen kunu. In firizar ƙarama ce, ki fara da guda shida.