Amsar Goggo a kan ɗankwali

'Yata, saƙonki ya same ni lafiya a nan Garwa ta Kamaru. Kin ce ƙawarki ta jami'a can Yawunde ta ce ɗankwali aron Larabawa ne, ke kuma kin rasa ta cewa, kina tambaya ko addini ne, ko al'ada, ko ado kawai. To, gyara zama.

Ku yaran yanzu kun cakuɗa abu uku wuri ɗaya. Ɗankwali daban, gyale daban, hijabi daban. Rufe kai da ƙirji umarni ne, ki duba Suratun Nur, aya ta 31. Amma wannan hijabi ɗinkakke da kuke zurmawa har ƙasa, da girmana na fara ganinsa, bayan an kafa Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya ƙetaro mana iyaka. Kafin nan gyale muke yafawa, tsofaffi kuma zane biyu, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ka. Shuwa da Barebari da matan Njamena kuwa lafaya suke naɗawa tun daga kai har idon sawu.

Shi ɗankwali daga jikin turmi yake fita. Yadi shida ne, tela ya yanki zane, ya yanki riga, ragowar ta zama ɗankwali. Kamfanin CICAM da aka kafa a 1965, a nan Garwa ya daɗe yana kaɗi da saƙa da audugarmu, a Duwala aka riƙa buga zane a jikin yadin. Atamfar 8 ga Maris, ta Ranar Mata ta Duniya, da kuke rububinta duk shekara, shi ya daɗe yana yin ta. Wace Balarabiya kika taɓa gani da irin wannan ɗauri?

Kuma ɗaurin baki gare shi. Budurwa mai ji da kanta ta karkato shi gaban goshi, ta bar jela a tsaye, shi ne ture-ka-ga-tsiya. Ina amarya, wata biyu da tarewa, na kafa shi haka na shiga gaida uwar mijina. Allah ya jiƙanta, ba ta ce uffan ba. Ta amsa gaisuwa, ta miƙa hannu ta ja min shi baya har ya rufe kunnuwana, ta ci gaba da jan carbinta. Kunyar ranar har yau ina jin ta a ƙeyata. Mai takaba, wata huɗu da kwana goma, ɗauri ɗaya take yi a kwance, ba sitati ba ƙwalisa. In kuwa kika ga mace ta warware ɗankwali ta ci ɗamara da shi, ki matsa gefe, ko dai faɗa ne ko mugun labari ya iso.

Tun ina koyarwa nake ba ɗalibaina labarin Luwiziyana ta Amurka. A 1786 gwamnan Sifaniyawa na can ya tilasta wa mata baƙar fata su rufe gashinsu don a ƙasƙantar da su. Sai suka nemo yadudduka masu launi, suka ƙawata ɗaurin, abin wulaƙanci ya koma abin kallo. Su ma Turawa ai suna ɗaurawa. Marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth da nata ta riƙa zuwa kallon sukuwa, ɗaure a ƙarƙashin haɓa, kuma tun 1937 kamfanin Hermès na Faransa yake sayar da na siliki da ɗan karen tsada.

Abin da gwamnatin Chadi da hukumomin yankin Marwa suka hana a 2015, bayan hare-haren Njamena da Fotokol, niƙabi ne mai rufe fuska. Kada wani ya ruɗe ki ya haɗa shi da ɗankwali.

Na ga hotonki na bikin ɗiyar kawunki. Wannan ɗinkakken da ake kifawa kamar hula bai burge ni ba sam, ragwanci ne. Na ba yayanki turmi guda, zai taho miki da shi ta jirgin ƙasa daga Gaundare. Ki ce wa tela kada ya tsuke ɗankwalin, in kin zo hutun Sallah zan koya miki ɗaurin da hannuna.