Sassaƙa da koɗa: amsar tambayar wani ɗan koyo

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa ya fara koyon aikin dutse, yana tambaya wai daidai ne a ce "sassaƙa dutse" ko sassaƙa ta icce ce kawai, sannan mece ce "koɗa" da yake ji a bakin kakarsa?

To malam, daidai ne. Sassaƙa ita ce ka riƙa rage jikin abu kaɗan-kaɗan har siffa ta fito, mun dai fi saninta a wajen masassaƙa masu gizago, masu turmi da taɓarya da akushi, amma ba abin da ya hana ta hau dutse. Mai farfasa dutse a kwari don gini kam ba masassaƙi ba ne, shi fasawa yake.

Koɗa kuwa, wallahi na ji daɗin tambayar nan don kalmar na neman ɓacewa tun da injin niƙa ya shigo. Dutsen niƙa in ya sha aiki sai ya yi sulɓi, hatsi ya riƙa zamewa ba ya niƙuwa, sai mace ta ɗauko makoɗi ta zauna tana ƙwanƙwasa fuskarsa ƙwas ƙwas ƙwas har ya koma kaushi. Wannan ce koɗa. Kuma ka lura da baki ma ana koɗa mutum, wato a yi ta zuga shi ana yabo, ni a ganina daga wajen dutsen aka aro ta.

Ka ce hannunka ya yi kanta kuma ba ka ga ci gaba ba. Ai "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa", amma fa karin maganar ba ta ce ka zaɓi dutsen da ya fi kowanne tauri ba! Duwatsunmu irin na Kufena ko garin Dutse masu taurin tsiya ne, ɗan koyo ba ya farawa da su. Nemi mai laushi wanda wuƙa ke karta shi, irin wanda aka sassaƙa mutum-mutumin Esie a jihar Kwara da shi, inda aka buɗe gidan tarihi tun 1945. Kurfi ɗaya, wato ƙarfe mai kaifin baki da ake bugawa a jikin dutse, da ƙaramar guduma sun ishe ka, ka sa tabarau, ka rufe hanci, ka riƙa jiƙa dutsen don ƙurarsa na lalata huhu.

Ka gaida kaka, ka tambaye ta ko makoɗinta na nan.