Waƙoƙin da na saya sun ƙi buɗewa bayan na sabunta kwamfuta

Tambaya: Malam, shekarun baya na sayi waƙoƙi da karatuttuka a intanet da kuɗina. Tun da na sabunta manhajar kwamfutata suka ƙi buɗewa, ga su ina gani amma shiru. Mai gyara ya ce bairos ne, sai an yi formatin. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, ɗan'uwa, ka je ka karɓo kayanka yau. Da alama matsalar DRM ce, wato kullen da masu sayarwa ke sa wa fayil don kada a yi ta kwafarsa ana rabawa. Fayil ɗin a kulle aka sayar maka, makullin kuwa lasisi ne da aka ɗaure da waccan kwamfutar. A 2016 Microsoft ya cire tsohon tsarin Windows Media DRM daga Windows 10, sai fayilolin sauti irin na WMA masu kulle suka daina magana. Duba bayanan fayil ɗin, layin da aka rubuta Protected zai gaya maka ko haka ne. In sabuntawar ba ta kai kwana 10 ba, Windows na ba ka damar komawa tsohuwar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan ta "ai na kwafa a filas". Kusan kullum sai wani ya shigo da filas a ƙulle cikin leda, hankalinsa kwance, ya riga ya bar mai gyara ya share komai. Akwati ya kwafa, makullin ya tafi da formatin. Ko kwafi ɗari ka yi, duk a kulle suke. Sai ka roƙi kamfanin sabon makulli, in yana nan ke nan. MSN Music, shagon waƙoƙin Microsoft, ya sanar a 2008 cewa zai daina bayar da makulli, da mutane suka yi ca aka ɗaga zuwa 2011. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗewa, aka mayar wa masu saye kuɗinsu. Mai gyaran da bai tambayi inda ka sayi fayil ba kafin ya ce bairos, wallahi dukiyar mutane yake wasa da ita, kuma amana aka ba shi.

In akwai tsohuwar kwamfutar da suke buɗewa a kai, kada ka sabunta ta. Ɗora su a faifan CD na sauti in lasisin ya yarda, daga nan ka fitar da su MP3. Masu saye a iTunes, shagon kamfanin Apple, kuwa kwamfuta 5 kawai aka yarje musu su buɗe fayiloli masu kulle a kai, don haka su cire izinin kwamfutar kafin formatin.