Hari mai saiti 70 ya kuskure sau uku a jere: wasan na cuta ne?

Tambaya: Ina buga wasan Pokémon, na saki harin Focus Blast sau uku a jere, ko ɗaya bai samu abokin karawata ba, alhali saiti 70 aka rubuta a gefensa. Anya wasan nan ba ya cuta?

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa. Duk lokacin da ka zaɓi hari, wasan yana jefa ƙuri'a daga 1 zuwa 100. In ta faɗo a kan 70 ko ƙasa da haka, ka same shi. In ta haura, hari ya bi iska. Ƙuri'ar ba ta da masaniya a kan zagayen da ya wuce, don haka kuskuren farko ba ya sa na biyu ya fi kusa da samu. Kuskure uku a jere kan faru kusan sau 3 cikin 100. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, samun hari mai 70 sau biyu a jere bai kai rabi ba, 49 ne cikin 100.

Kuma lambar da aka rubuta ba ita kaɗai ake duba ba. Saitinka da iya gociyar abokin karawa suna da matakai, shida sama, shida ƙasa. In ya yi Double Team mai ƙara masa gociya sau ɗaya, ko ya watsa maka Sand Attack mai rage maka saiti, harinka mai 100 ya koma 75, mai 70 kuwa ya sauko kusan 52. A mataki na shida, kashi ɗaya cikin uku kawai ya rage maka. Yanayi ma na da ta cewa: harin Thunder ba ya kuskure cikin ruwan sama, amma a rana mai zafi 50 yake komawa. Hare-haren Swift da Aerial Ace ba a jefa musu ƙuri'a ko kaɗan, sai dai in abokin karawa ya tashi sama ko ya shige ƙasa.

A wasannin Pokémon na farko da kamfanin Game Freak ya ƙirƙira, aka fitar a Japan a 1996, har hari mai 100 yana iya kuskurewa sau 1 cikin 256, saboda wata tangarɗa a lissafin. An gyara wannan tuntuni.

Ni a ganina, kafin ƙarfin hari ya ruɗe ka, ka ninka shi da saitinsa. Thunder na da ƙarfi 110 da saiti 70, wato 77 a matsakaici. Thunderbolt na da 90 da saiti 100. Shi ya sa na fi son na biyun, sai in bugu ɗaya na Thunder ne kaɗai zai kayar da abokin karawa. Focus Blast ɗinka kuwa, ana haƙuri da shi ne don Aura Sphere, wanda ba ya kuskure, ba kowace halittar Pokémon ke iya koyonsa ba. In taka ba ta iya ba, ka riƙa mata Wide Lens, wani kayan wasan mai ƙara saiti, saitin zai hau zuwa 77.