Ba gudun mutane ya kai su hamada ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gudun mutane ne ya kai sufayen Kirista na farko hamadar Masar. A ganina, son zuciyarsu suka je yaƙa. Dubi Abba Musa, tsohon ɗan fashi da ya tuba ya zauna Wadi Natrun, wani kwari a hamadar Masar, a ƙarni na 4. Da aka kira shi hukunta wani mai laifi, sai ya zo goye da hujajjen kwandon rairayi. Ya ce zunubansa ke zuba a bayansa bai gani ba, ga shi zai hukunta wani. Nan take aka yafe wa mutumin. Kuma sufayen ba zaman kashe wando suke yi ba, kwanduna suke saƙawa su sayar su ci.