Amsa kan asalin Romaniyawa: jikokin Daciyawa ne ko na Rumawa?

Assalamu alaikum. Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaron, ya kai shi lafiya, ya dawo maka da shi lafiya. Ka ce ɗanka ya samu gurbin karatun likita a Romaniya, kana cikin bincike kan mutanen ƙasar sai ka ci karo da wani bidiyo mai cewa kakanninsu, wato Daciyawa, su ne tushen wayewar Turai, har ma wai daga bakinsu Rumawa suka ɗauki harshen Latin. Kana so ka san ko gaskiya ne, kuma su wane ne mutanen nan ainihi. Na yi karatu a birnin Cluj da ke yankin Transilbaniya, na zauna da su shekaru, na kuma je wasu daga cikin wuraren da ake wannan magana a kansu, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Maganar Latin ya fito daga harshen Daciyawa ba ta da tushe. Malaman tarihi na jami'o'in Romaniya su kansu ba sa karɓarta. Ana rubuta Latin a Italiya ɗaruruwan shekaru kafin sojan Rum ya taka ƙasar Daciya, su kuwa Daciyawa ba su bar wani littafi da harshensu ba. Abin da ya rage daga harshen nasu sunayen mutane ne, da sunayen garuruwa masu ƙarewa da "dava", da wasu sunayen tsirrai da likitocin Girka da na Rum suka rubuta. Amma kada wannan ya sa ka raina Daciyawan. Mutane ne na gaske, masu sarauta da ganuwa da maƙera, kuma sun wahalar da Rum a lokacin da take kan ganiyarta.

Ambatonsu na farko ya zo ne ta bakin Herodotus na Girka, wanda ya ba da labarin yadda 'yan'uwansu da ake kira Geta suka tsaya wa Sarki Dariyus na Farisa wajen shekara ta 513 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce sun yi imani ba sa mutuwa, komawa suke yi wurin abin bautarsu Zalmoksis. Sarkin da ya fara haɗa kan ƙabilun shi ne Burebista, wanda ya yi mulki daga wajen 82 zuwa 44 kafin Miladiyya. Ƙarfinsa ya kai har Julius Kaisar ya shirya yaƙarsa, sai aka kashe Kaisar a shekara ta 44, shi ma Burebista mutanensa suka kashe shi a wannan tsakanin, ƙasar ta sake rarrabuwa.

Wanda kowane ɗan firamare a Romaniya ya sani shi ne Decebal, wanda ya hau mulki a shekara ta 87 Miladiyya. A yaƙinsu da Sarkin Rum Domishiyan, Daciyawa sun hallaka rundunar Rum tare da kwamandanta, kuma sulhun da aka ƙulla a shekara ta 89 ya sa Rum tana ba Decebal kuɗi da gwanayen gini. Da Tirajan ya hau gadon sarautar Rum bai lamunci wannan ba. Ya kai yaƙi sau biyu, 101 zuwa 102, sannan 105 zuwa 106. Tsakanin yaƙoƙin biyu ya sa wani magini ɗan Dimashƙa mai suna Apollodorus ya gina masa gada a kan kogin Danub, tsawonta ya haura kilomita guda, kuma har yau ana ganin ragowar ginshiƙinta a Drobeta. A shekara ta 106 babban birnin Daciya ya faɗi, Decebal ya gudu, mahayan Rum suka cim masa, ya yanke maƙogwaronsa don kada a kai shi Rum a ɗaure.

Wannan birni, Sarmizegetusa, na je shi, kuma gani ya kori ji. Daga garin Orăștie ake kama hanya, a bi kwarin wani rafi, a yi ta hawa cikin daji har sama da mita 1,000. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne dutsen ba shi da fili ko kaɗan, su suka sassare shi suka yi masa hawa-hawa, suka tokare da bango. Duwatsun bangon sassaƙaƙƙu ne, manya, an jera su ba tare da siminti ba, kuma za ka ga wasu ramuka a jikinsu inda ake cusa katako a ɗaure fuska biyu ta bangon, a cika tsakiya da ƙasa da tsakuwa. Farin dutsen ba na wurin ba ne, daga nesa aka jawo shi zuwa kan wannan tsauni. A can gefe akwai wurin ibadarsu, da'ira ce ta gajerun ginshiƙai, kusa da ita wani faifan dutse mai faɗin kusan mita 7 wanda aka yanka kamar hasken rana. An tono bututun ruwa na yumɓu a wurin, da tarin kayan ƙira, guduma da awartaki da garma. Duk wanda ya tsaya a nan ba zai ƙara cewa mutanen daji ne ba. Hukumar UNESCO ta sa shi tare da wasu ganuwowi biyar na yankin cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Labarin yaƙin kuwa a jikin dutse yake. A shekara ta 113 aka kafa wata hasumiya a birnin Rum da aka zane yaƙin gaba ɗaya a jikinta, yana nannaɗe daga ƙasa zuwa sama. A gidan tarihi na ƙasa da ke Bukarest akwai kwafinta, an sauko da zanen daidai ido, mutum yana bi yana kallo. Za ka ga manyan Daciyawa da hula, talakawa da dogon gashi ba hula, da tutarsu mai kan kyarkeci da jikin maciji. Na daɗe a gaban wani ɓangare da ya nuna mahaya masu kitsattsen gashi a kan dawaki ba sirdi ba linzami. Mutanen arewacin Afirka ne, dakarun wani kwamanda mai suna Lusius Quietus, waɗanda suka yi wa Rum wannan yaƙi. Sai dai a tuna wanda ya ci yaƙin ne ya zana, ba mu da labarin daga bakin waɗanda aka ci.

Me Rum take nema a bayan kogi? Tsaron iyaka da zinariya. Marubucin tarihi Cassius Dio ya ce Decebal ya karkatar da wani kogi ya binne dukiyarsa a ƙarƙashinsa ya mayar da ruwan, sai wani na kusa da shi ya tona asiri. Tirajan ya yi bikin nasara na kwana 123 a Rum. Daga nan aka kwaso mutane daga sassan daular aka zuba a Daciya, tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da masu haƙar ma'adini. A Roșia Montană har yau ramukan haƙar zinariyar Rumawa suna nan, an kuma samu allunan katako masu rubutun yarjejeniyar aiki da bashi a cikinsu. Harshen da ya haɗa duk waɗannan baƙi shi ne Latin. Mulkin bai yi tsawo ba. Wajen shekara ta 271 Sarki Aureliyan ya janye sojoji da ma'aikata zuwa kudancin Danub, wato shekara 165 ke nan ko ɗan fiye.

To, Alhaji, a nan gizo yake saƙar. Harshen da ɗanka zai koya don ya yi magana da marasa lafiya ɗan Latin ne, ɗan'uwan Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci. Burodi "pâine", ruwa "apă", madara "lapte", ɗan'uwa "frate", duk daga Latin. Kalmomin da ake zaton na Daciyawa ne ba su wuce ɗari da wani abu ba, yawancinsu na makiyaya da daji, irin su "brânză" wato cuku, da "mânz" wato ɗan doki, kuma da dama daga cikinsu suna da takwara a harshen Albaniya. Sannan akwai tarin kalmomin Silabawa, wato dangin mutanen Rasha da Bulgeriya, har "da" da suke cewa a madadin "i". A wurinmu Fulanin da suka karɓi sarautar birane ne suka koma Hausa. A can akasin haka ake cewa ya faru, waɗanda aka ci suka ɗauki harshen waɗanda suka ci su, kuma suka riƙe shi bayan masu shi sun tafi.

Na ce "ake cewa" domin bayan janyewar Rum rubuce-rubuce sun yi shiru game da masu wannan harshe a arewacin Danub na tsawon ƙarnuka masu yawa. Gotawa sun wuce ta nan, da Hunawa, da Abarawa, da Silabawa, sannan Hungariyawa suka iso a ƙarshen ƙarni na 9. Sunan "Vlach", wanda maƙwabta ke kiran Romaniyawa da shi, sai wajen ƙarshen ƙarni na 10 ya fara bayyana a littattafan Rum ta Gabas, kuma a kudancin kogin. Wannan giɓi ya haifi ra'ayi biyu. A makarantun Romaniya ana koyar da cewa talakawa ba su tafi ko'ina ba, sun shige duwatsun Karfat da tumakinsu, Daciyawa da Rumawa suka cakuɗa suka zama al'umma guda. Hujjarsu ita ce sunayen manyan koguna irin su Mureș da Olt da Someș sun ci gaba tun zamanin Rum, da wasu kayan Kiristanci na ƙarni na 4 masu rubutun Latin da aka tono. Ɗaya ra'ayin, wanda wani Ba'ostiriye mai suna Robert Roesler ya shahara da shi a 1871 kuma malaman Hungari da yawa suka bi, yana cewa harshen a kudancin Danub ya girma, makiyaya suka hauro da shi daga baya. Hujjarsu kamancin nan da Albaniyanci, da kuma cewa sunayen biranen Rumawa a Daciya duk sun ɓace.

Ruwa ba ya tsami banza. Gardamar ta wanda ya riga zuwa Transilbaniya ce. Yankin ya yi ƙarnuka ƙarƙashin sarautar Hungari, sai ranar 1 ga Disamba 1918 Romaniyawan yankin suka taru a Alba Iulia suka ayyana haɗewa da Romaniya, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta tabbatar. Wannan rana ita ce ranar ƙasa a yau, kuma har yanzu akwai Hungariyawa kusan miliyan guda a ƙasar. A ajinmu akwai ɓangarorin biyu, abokan juna ne, tare suke cin abinci. Ranar da wani baƙo ya yi tambaya irin taka a gabansu, fuskoki suka canza, hirar ta mutu, aka watse ba sallama. A ganina, bayan abin da na karanta da wanda na gani, kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya: da wuya a ce ƙasa mai faɗi haka ta zama kango, kuma makiyaya ba su taɓa ɗaukar kogi a matsayin iyaka ba. Yawancin malaman da na ga sun natsu suna cewa al'ummar ta ginu ne a gaɓa biyu na Danub.

Su kansu Romaniyawa sun sha sauya kakan da suke tinƙaho da shi. A ƙarshen ƙarni na 18 malaman Transilbaniya irin su Samuil Micu da Petru Maior sun dage cewa su tsantsar jinin Rum ne, domin su nuna wa masu mulkinsu cewa ba baƙi ba ne kuma ba ƙasƙantattu ba. Har zuwa wajen 1860 da haruffan Siriliki, irin na Rashanci, ake rubuta harshen, tsohuwar wasiƙarsu da ta rage ta 1521 ma da su aka rubuta, sannan aka koma haruffan Latin. Taken ƙasarsu yana ambaton jinin Rumawa da sunan Tirajan. Zamanin shugaban kwaminisanci Ceausescu kuma sai aka juya wajen Daciyawa. A 1974 aka liƙa wa Cluj tsohon suna Napoca, a 1980 aka yi gagarumin bikin cika shekara 2050 da kafa daular Burebista, don a nuna ƙasar ta daɗe da haɗin kai ƙarƙashin shugaba guda. Motarsu ma Dacia aka sa mata. Bayan faɗuwar kwaminisanci wani attajiri, Iosif Constantin Drăgan, ya biya aka sassaƙa fuskar Decebal mai tsawon mita 55 a jikin dutse a bakin Danub, daga 1994 zuwa 2004. Bidiyon da ka gani daga wannan zuriyar tunani ya fito, kuma a can ma suna da sunan da suke kiransa, suna ɗaukarsa a matsayin zuzutawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ana ta wannan alfahari, kayan gaskiyar suna salwanta. A ƙarshen shekarun 1990 ɓarayin kayan tarihi sun tona kewayen Sarmizegetusa suka fitar da mundayen zinariya masu nannaɗe, kowanne kusan kilo guda, suka sayar a ƙetare. An yi shekaru ana shari'a kafin a dawo da 13. A watan Janairun 2025 kuma aka fasa wani gidan tarihi a Assen ta ƙasar Holan, inda aka kai aron kayan, aka sace uku daga cikin mundayen tare da kwalkwalin zinariya na Coțofenești wanda ya haura shekara 2,000. Abokan karatuna sun yi ta aiko mini da saƙo a ranar, ransu a ɓace ƙwarai.

Ka gaya wa yaron, in ya samu hutu, ya fara da gidan tarihin Bukarest, sannan ya je Sarmizegetusa da rani domin hanyar tana da wuya lokacin dusar ƙanƙara. Ya lura akwai wurare biyu masu wannan suna, na Daciyawa a kan dutse, da wanda Rumawa suka gina a fili kimanin kilomita 40 daga nan. Kada ya haɗa Romaniyawa da al'ummar Roma, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, kuskure ne da ke ɓata ran kowane ɓangare. In kuma aka tayar da zancen wa ya riga zuwa Transilbaniya, ya saurara ya yi tambaya, kada ya yanke hukunci a gaban masu gida. Allah ya ba shi ilimi mai amfani.